Sukarin da Ake Saukowa da Shi Daga Kan Giginya

A lardin Kampong Speu, yamma da Phnom Penh babban birnin Kambodiya, manomi ba ya hutun rani. Da an gama yankan shinkafa wajen watan Disamba, sai ya rataye lauje, ya wasa wuƙa, ya mayar da aikinsa sama. Daga lokacin har damina ta sake faɗuwa a watan Mayu ko Yuni, gonarsa tana can kan giginya, mita 15 ko 20 daga ƙasa, kuma sau biyu yake zuwa gonar kullum, da asuba da la'asar. Abin da yake saukowa da shi ruwa ne mai zaƙi, wanda in an kai shi wuta a kan kari zai zama sukari mai launin ƙasa-ƙasa da wani ƙamshi da sukarin kanti bai san da shi ba. In kuwa aka yi sakacin 'yan sa'o'i, ruwan ya zama bammi. Gwanintar sana'ar duk tana tsakanin waɗannan biyun.

Itacen giginya ce ta gaske. Masana tsirrai suna kiran ta Asiya Borassus flabellifer, tamu ta Afirka kuma Borassus aethiopum, gidansu ɗaya. Ganyen iri ɗaya ne, 'ya'yan ma haka, har muruci Tamilawan kudancin Indiya suna tonowa su dafa su ci. Abin da ido zai fara bambantawa shi ne tamu tana yin ciki a tsakiyar jikinta, tasu kuwa ba ta yi. Mutanen Kambodiya suna ce mata thnot, kuma a shekarar 2005 dokar masarauta ta ayyana ta a matsayin itacen ƙasa. Jihar Tamil Nadu ta Indiya ita ma giginya ce itacenta na hukuma.

Giginya akwai namiji, akwai mace. Namiji yana fitar da dogayen zangarniyoyin fure amma ba ya 'ya'ya, mace ce ke yin nono. Ba ta fara huda sai ta kai shekara 12 zuwa 20, wato wanda ya shuka sau da yawa ɗansa ne zai hau. Idan lokacin huda ya yi, itacen yakan tura zaƙin da ganyensa ya tara zuwa ga zangarniya domin a ciyar da fure da 'ya'ya. Mai tatsa tare hanya yake yi, ya karɓe abincin kafin ya kai ga masu shi. Sai dai ba yanka kawai ake yi ruwa ya zubo ba. In ka datse zangarniyar da ba a shirya ta ba, za ta ɗan yi gumi, bakin ya bushe, ciwon ya warke, ka tashi a tutar babu.

Dole sai an lallashe ta tukun. Mahayin Kambodiya yana hawa da wani awartakin katako, sanduna biyu ne da aka ɗaure kansu wuri ɗaya. Na namiji masu faɗi ne, na mace kuma zagayayyu, yadda za su shiga tsakanin ƙananan 'ya'yan su matse karan ba tare da sun farfasa su ba. Kullum zai bi zangarniyar daga gindi zuwa baki yana matsawa yana murzawa, kwanaki a jere, wani lokaci har mako guda. Ana so naman ciki ya yi laushi, hanyoyin ruwa su saki, amma kada fata ta tsage. In ya matsa da ƙarfi, zangarniya ta ruɓe, an yi asararta sai baɗi. In ya tausaya mata da yawa, ta ƙi ba da ruwa. Ma'aunin wannan yana tafin hannu, ba a rubuta shi a takarda ba, kuma kowace itaciya da halinta. Akwai mai saurin saki, akwai mai taurin kai, akwai wadda ko me aka yi mata ba za ta ba da abin kirki ba. Mahayin da ya daɗe ya san su ɗaya bayan ɗaya, ya san wadda zai ɓata wa lokaci da wadda zai ƙyale ta yi 'ya'yanta.

Ranar da ya ga alama, sai ya yanke bakin zangarniyar, ya cusa ta cikin bututun gora, ya ɗaure. Daga nan ruwa zai riƙa ɗiga ɗis-ɗis dare da rana. Amma itace ba ya barin ciwo a buɗe, cikin rabin yini bakin zai fara toshewa. Shi ya sa duk hawa sai an sabunta yankan, kuma a nan ne ake rarrabe gwani da ɗan koyo. Zangarniya tsawonta ƙayyadadde ne. Kowane yanka rage ta yake yi, ranar da ta ƙare kuwa ruwanta ya ƙare. Mai yankan kauri zai cinye ta cikin 'yan makonni. Gwani ɗan siririn yanki yake feƙewa, wanda bai wuce milimita ɗaya ko biyu ba, a sara ɗaya, a tsaye a kan reshe, iska tana kaɗa shi, har ya ja zangarniya ɗaya tsawon watanni. Wuƙarsa ba ta yin wani aiki sai wannan, kuma kullum a wase take, domin dakusasshiyar wuƙa murje bakin take yi ta liƙe hanyoyin da ake so su buɗe. Ruwan da ya taru cikin dare ya fi na rana yawa, ya kuma fi shi lafiya, saboda sanyi yana rage masa saurin lalacewa. Wannan ne ya sa hawan asuba ya fi na la'asar muhimmanci.

Hawan kansa sana'a ce daban. A Kambodiya ana samun doguwar gora, a bar mata guntayen rassanta a matsayin matakala, a ɗaure ta a jikin giginya daga ƙasa har sama. In gora ɗaya ba ta kai ba sai a jona wata. Inda itatuwa biyu suke kusa da juna, wasu sukan gitta gora daga wannan kai zuwa wancan, su tsallaka a sama don su huta da saukowa. Ba kowane ido ke iya kallon wannan ba. Mahayan Tamil Nadu su ba ruwansu da tsani. Igiya ce suke zargawa a idon sawu ta haɗe ƙafafu biyu, su ɗaura fata a ƙirji saboda kaushin itacen, su rungume shi su yi sama, wuƙa da tukwane suna rataye a ƙugu. Mu yi lissafi mai sauƙi. Mutum mai giginya 25, kowace tsawonta mita 15, hawa biyu a rana, ya hau mita 750 ke nan, ya kuma sauko mita 750, ɗauke da kaya, babu Juma'a babu Lahadi, tsawon wata biyar ko shida. Ba ya iya cewa yau jikina babu daɗi, domin zangarniyar da aka bari kwana biyu ba a yanka ba tana iya bushewa ta daina. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abokin gabansa na gaskiya kuwa ba tsawon itacen ba ne, wani abu ne da ido ba ya gani. Ruwan yana fitowa daga jikin giginya da tsabtarsa, sukarin cikinsa kimanin kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Amma da ya sha iska, ƙwayoyin yis da na bakteriya sun sauka a kansa, wasu daga iskar, wasu daga ƙafafun ƙudan zuma da tururuwa, mafi yawa daga jikin bututun jiya. A zafin ƙasar, aikinsu ba ya ɗaukar lokaci. Yis yana cin sukari ya mayar da shi barasa da kumfa, bakteriya kuma suna mayar da shi tsami. Ruwan da aka sauke da asuba mai zaƙi, kafin azahar ya fara tashi, kafin dare yana bugarwa, in aka ƙara masa kwanaki ya zama ruwan khal.

Akwai wata ɓarna da ke riga wannan, ita ce mai sukari ya fi tsoro. Sukarin da ke cikin ruwan giginya irin na rake ne, wanda masana ke kira sukuros, kuma shi kaɗai ne yake daskarewa ya yi tsaba idan an ƙafe ruwa. Tun kafin a ji ɗanɗanon barasa, yis da tsami suna raba sukuros gida biyu, gulukos da furuktos. Zaƙin yana nan, harshe ba zai gane komai ba, amma waɗannan biyun ba sa yarda su daskare. Sai a kwana ana wuta, a ƙone itace, a sauke kasko, abin ya tsaya yana danƙo ya ƙi kamawa. Mutanen da ba su taɓa jin sunan sukuros ba sun san wannan sarai, kuma sun samo maganinsa tun ƙarnoni da suka wuce.

Maganin farko tsabta ce. Bututun da aka sauke ba ya komawa sama sai an wanke shi da tafasasshen ruwa ko an turara shi da hayaƙi, saboda haka kowane mahayi yana da jeri biyu, ɗaya na sama yana karɓa, ɗaya na ƙasa yana bushewa. Na biyu, kafin ya rataye bututu yakan jefa 'yan ɓarɓashin katakon wani itace da suke kira popel, ko wani da ake ce wa koki. Ɗacin da ke fita daga katakon yana danne ƙwayoyin na tsawon dare. Mutanen tsibirin Jawa masu tatsar kwakwa su ma suna da tasu dabarar, da ɓawon 'ya'yan itace ko katakon da suka sani. Tamilawa kuwa da farar ƙasa suke yaƙin, irin wadda ake samu in an ƙona farin dutse ko ƙwanson halittun teku. Mahayi yakan shafe cikin tukunyar ƙasa da ita kafin ya rataya. Aikinta shi ne na kanwa a miyar yakuwa, tana kashe tsami, kuma a ruwan da babu tsami ko kaɗan yis ba ya samun sakewa. Nan ma hannu ne ma'auni. In ta yi kaɗan ruwan ya tashi, in ta yi yawa sukarin ya yi baƙi ya yi ɗanɗanon toka. Itace ɗaya, zangarniya ɗaya, mutum ɗaya: tukunyar da aka shafa tana saukowa da abin sha mai zaƙi da suke kira padanir, wadda ba a shafa ba kuma da bammin da suke kira kallu, wanda gwamnatin jihar Tamil Nadu ta haramta tatsarsa tun 1987.

Wannan bambanci Musulmin Asiya sun san shi da kyau. A gabashin Jawa, wajen Tuban da Gresik, ana sayar da ɗanyen ruwan giginya da suke kira legen a bakin hanya, ana nemansa musamman da azumi, kuma kowa ya san ruwan yau ake sha, wanda ya kwana ya canza suna ya canza hukunci. A tsibirin Madura ma ana dafa shi a yi sukari.

Da mahayi ya taka ƙasa, aikin ya koma hannun uwargida. A yawancin gidaje haka rabon yake, miji a sama, mata a murhu, kuma ban yarda cewa nata ya fi sauƙi ba. Tun kafin ya sauko daga itacen ƙarshe wutarta ta kama. Za ta tace ruwan da tsumma don fitar da ɓarɓashin katako da ƙwari, ta juye cikin faffaɗan kaskon ƙarfe. Faɗin kaskon da gangan ne, don ruwa ya yi saurin tashi. Ana buƙatar lita bakwai ko takwas kafin a samu kilo ɗaya na sukari, ma'ana in gida ya tara lita 100 a rana, sai an kori fiye da lita 80 ta hanyar tururi. Sa'o'i ake yi. Da farko wuta ake so mai ƙarfi, domin tafasar farko ita ce ke kashe ƙwayoyin ta tsayar da ɓarna. Kumfa za ta taso tana neman ambaliya, ana kwashe ta da ludayi. A Tamil Nadu sukan barbaɗa ɗan dakakken ƙwayar zurma, man da ke ciki ya kwantar da kumfar nan take, a Indunusiya kuma ɗan man kwakwa ko gogaggiyar kwakwa.

Sannu a hankali farin ruwan zai koma rawaya, ya koma ja, ya yi kauri ya zama maɗi. Daga nan sai a ja itace baya, domin abin da ya ɗauki sa'a uku yana haɗuwa yana iya ƙonewa cikin minti biyu. Masu ma'aunin zafi sun ce wajen digiri 115 zuwa 120 ne ake saukewa. Ita ba ta da ma'auni, amma tana da alamomi. Tana sauraron tafasar, wadda ke sauya murya daga ɓararraka zuwa wani ɓul-ɓul mai nauyi. Tana ɗaga muciya ta ga yadda maɗin ke zubowa, ko yana ɗiga ko yana jan zare. Tana ɗiga kaɗan cikin ruwan sanyi ta murza da yatsa ta ji ko ya dunƙule. In ta sauke da wuri, sukarin zai yi ruwa ya yi fumfuna a ajiya. In ta makara, ya yi ɗaci. Duk hawan da mijinta ya yi a ranar yana rataye a kan wannan ɗan lokaci.

Bayan an sauke kasko sai tuƙi. Za ta yi ta juya shi da muciya yana hucewa, iska tana shiga, launin yana washewa, har ƙananan tsabar sukari su fara haɗuwa. Inda ta tsaya shi ke yanke irin kayan da za a samu. In ta tsaya da wuri, a samu mai laushi da ake zubawa a tulu a riƙa ɗiba da cokali. In ta ƙara, sai a zuba cikin 'yan zobba da aka naɗe da ganyen giginya, su daskare su zama ƙananan faya-faye, a jera su a naɗe da wani ganyen a kai kasuwa. In ana son gari, sai ta ci gaba da murzawa da goga shi a jikin kasko har ya wargaje, a tankaɗe. Garin nan shi ne jarrabawa mafi tsanani, domin ruwan da ya ɗan soma tsami ba ya taɓa yin sa. Tamilawa a ƙoƙon kwakwa suke zubawa, ya fito baƙi-baƙi mai nauyi, suna kiran sa karupatti, suna shan kofi da shi tare da busasshiyar citta. A Miyanma, musamman wajen tsohon birnin Bagan, ana mulmula shi ƙanana a ci bayan abinci da koren shayi. A Kambodiya da shi ake dafa kifi har romon ya yi ja ya yi kauri.

Ranar 2 ga Afrilun 2010 gwamnatin Kambodiya ta yi wa sukarin Kampong Speu rajistar asalin wuri, shi da barkonon Kampot, su ne kaya biyu na farko da suka samu wannan a ƙasar. Ma'anarta ita ce ba wanda zai sa wannan suna a kan kayansa sai wanda ya yi shi a yankin kuma ya bi ƙa'ida. A lokacin rajistar, yankin bai wuce gundumomi uku ba, Oudong da Samrong Tong a Kampong Speu, da Ang Snuol a lardin Kandal, inda ƙasa take da rairayi kuma ruwan sama bai cika yawa ba, abin da masu sana'ar ke cewa shi ke ƙara wa ruwan zaƙi. Ƙa'idar ta hana zuba sinadarin da wasu ke sawa don sukari ya yi fari. A 2019 Tarayyar Turai ita ma ta amince da sunan. Karupattin garin Udangudi a gundumar Thoothukudi ya samu irin wannan rajista a Indiya a 2023.

Wanda yake ganin duk wannan wahala ce don kayan zaƙi kawai, ya dubi tsibiran Rote da Savu a gabashin Indunusiya. Busassun wurare ne, damina gajera ce kuma ba ta da alkawari. Wani masani mai suna James Fox ya zauna da mutanen, ya fitar da littafi a kansu a 1977 mai suna Harvest of the Palm. Abin da ya nuna shi ne, yayin da maƙwabtansu na Timor da Sumba masu dogaro da noman sassabe suke shiga yunwa kusan kowace shekara kafin sabon amfani ya iso, mutanen Rote da Savu suna tsallake ta da giginya. A ƙarshen rani, lokacin da komai ya bushe, a lokacin ne take zubar da ruwa. Suna dafa shi ya zama maɗi, su cika tuluna, su riƙa damawa da ruwa suna sha a madadin abinci, su ciyar da dabbobinsu da ragowar. Har tsibiran suka ɗauki jama'a fiye da yadda ƙasarsu za ta iya ciyarwa da noma kaɗai. Itacen da saiwarsa ke riƙe da shi a fari, ya kuma ba da abinci a watan da rumbu ya yi ƙasa, ya wuce a kira shi kayan marmari.

Wani abin dariya kuma, a Amurka da Ingila akwai masu haɗa giyar sha'ir a gida don sha'awa, waɗanda ke neman sukarin giginya da kuɗinsu. Sukan zuba shi dab da sauke tukunya, kimanin kashi ɗaya cikin goma na zaƙin da ke ciki, yadda masu giyar Beljiyam suka daɗe suna yi da nasu sukarin. Yis yana cinye shi kusan duka, abin ya ƙara ƙarfi ya rage nauyi, ɗan ƙamshin kasko kaɗai ya saura. Wato abin da wani bawan Allah ya hana idonsa barci don ya ƙwace daga bakin yis, an kai shi wata nahiya an miƙa wa yis da hannu biyu. Duniya ke nan.

Sana'ar tana cikin matsi, kuma babban matsin itacen wuta ne. Kowane kilo na sukari yana cin kilo da yawa na itace. Da can daji yana kusa, a shiga a saro. Yanzu daji ya ja baya, itace sai da kuɗi, har a wasu wuraren kuɗinsa yana cinye ribar. An ɓullo da murahu masu bututun hayaƙi da ke tattara zafi a gindin kasko, wasu kuma sun koma ƙona ƙaiƙayin shinkafa, abin ya rage amma bai kau ba. Sai haɗari. Gora tana ruɓewa, reshe yana ɓallewa, kuma wanda ya faɗo daga mita 20, in ya rayu, da wuya ya sake hawa. Matasan Kampong Speu suna da masana'antun ɗinkin tufafi a kusa da su, masu biyan albashi a ƙarshen wata ba tare da an bar ƙasa ba, kuma ba zan ga laifin yaron da ya zaɓi keken ɗinki ba. Giginyar da ba mai hawanta kuwa ba ta daɗewa a tsaye, a Kambodiya a sare ta don katako, a Tamil Nadu a kai ta wurin gasa bulo. Ga kuma 'yan algus da ke narka sukarin rake mai araha su gauraya su sayar da sunan na giginya. A kantunan Turai ana sayar da ɗan ƙaramin ƙunshi da tsada, mahayin kuwa abin da ke isa hannunsa bai taka kara ya karya ba. Inuwar giginya dai, na nesa ka sha.

Ga mai saye, gargaɗi ɗaya. Masu talla suna yawan cewa sukarin giginya ya dace da masu ciwon sukari. Yana da ɗan abin da farin sukari ya rasa wajen tacewa, kamar sinadarin fotasiyam, amma mafi yawansa sukuros ne, daidai da na rake. A saye shi don ɗanɗanonsa, wanda ya isa dalili, mai ciwo kuma ya bi maganar likitansa.

A nan Afirka ta Yamma ma ana tatsar giginya, amma ta wata hanya. A tsakiyar Kwaddibuwa, masu bammi zuciyar itacen suke nufa, wato tohon da ke tsakiyar kai inda sabon ganye ke fitowa. Sukan sassare ganyen, su huda wurin, su kwashi ruwa na 'yan makonni. Giginya zuciya ɗaya gare ta, in ta lalace babu wata, saboda haka itacen da ya yi shekaru da dama yana girma yakan mutu a tsaye, ya bar gungume babu kai. Mutanen yankin Banfora a kudu maso yammacin Burkina Faso sun fi hannu, suna feƙe tohon da lura ba tare da sun kashe itacen ba. Amma a wuraren biyu duka, ruwan a bammi yake ƙarewa. Mahayin Asiya fure kawai yake taɓawa, wanda itacen zai sake fitarwa baɗi, shi ya sa giginya ɗaya take ciyar da uba ta ciyar da ɗa.

Mu a ƙasar Hausa mun ci moriyar giginya ta kowace fuska. Mun yi rufi da azararta, mun yi saƙa da karinta, mun sha 'ya'yanta, mun ci murucinta. Tana nan tsaye a fadamun Kebbi da Neja da Taraba, ga kuma dazukanta na Dallol Mauri a yankin Gaya ta Jamhuriyar Nijar. Ruwan furenta ne kawai ba mu mayar da shi abinci ba. Kuma rabin sana'ar yana hannunmu tuni, domin masu mazarƙwaila na ƙasar Maƙarfi sun san kasko, sun san kumfa, sun san lokacin saukewa. Rabin da ya rage shi ne na sama, na awartaki da wuƙa da tsabtar bututu, kuma wannan ba a koyonsa daga takarda.

Ina kira ga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru da ke Zariya, da cibiyar binciken kwakwar manja ta NIFOR wadda take da tashar binciken dabino a Dutse, su ɗauki wannan a matsayin abin gwaji. A tura matasa masu iya hawa su yi rani guda a hannun mahayan Kampong Speu ko na Thoothukudi. In sun dawo a ware 'yan itatuwa, maza da mata, a auna ruwan da kowace ta bayar, a auna zaƙinsa, a auna itacen wutar da ya ci, a fitar da lissafin kowa ya gani. Sharaɗi ɗaya ne ba za a sassauta ba: a tsaya a kan zangarniya, kada wuƙa ta kusanci zuciyar itacen.